Alluran da muke gani a kakin masu asma, muke wucewa

Na yi shekaru ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti a cikin garin Kaduna, kuma daga cikin abubuwan da idona ya saba da su a ƙarƙashin madubin gwaji akwai waɗansu 'yan siraran abubuwa marasa launi, masu ƙyalli, kowanne da tsini a kai da gindi kamar allurar da aka fiƙe ta gaba da baya. Mukan gan su a bayan gidan yaron da tsutsar ciki ko atini suka kama, mukan kuma gan su a kakin mai asma idan likita ya turo shi domin a duba ko tarin fuka ne yake damunsa. Tun muna ɗalibai aka koya mana sunansu, aka ce alama ce ta cewa wani nau'i na fararen ƙwayoyin jini da ake kira iyosinofil ya taru a wurin ya mutu. Idan ma'aikaci ya natsu yakan rubuta a takardar sakamako cewa ya gan su, idan kuma layi ya yi tsawo sai ya nemi ƙwan tsutsar da aka aiko shi nema, ya wanke gilashinsa, ya ɗauko na gaba. Ni ma haka na yi ta yi, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ko waɗannan allurai suna da wani aiki a jikin mara lafiyan ba, kuma babu wanda ya taɓa tambayata.

Ba mu kaɗai muka yi wannan sakaci ba. Likitan nan na Faransa, Jean-Martin Charcot, shi da abokin aikinsa Charles Robin, sun bayyana waɗannan allurai a birnin Paris a shekarar 1853, bayan sun gan su a jikin wani da ya mutu da sankarar jini. A 1872 likitan Jamus Ernst von Leyden ya same su a kakin masu asma, daga nan aka haɗa sunayen Charcot da Leyden aka raɗa musu. Daga baya an gano cewa furotin guda ɗaya ne ya gina su, wanda ake kira galektin na 10, kuma iyosinofil cike yake da shi. Amma duniyar likitanci ta ci gaba da ɗaukarsu a matsayin tokar da wuta ta bari bayan ta ci ta mutu. Sai a 2019, wato shekara 166 bayan bayanin Charcot, wani rukunin masu bincike a Jami'ar Gent ta ƙasar Beljiyam, ƙarƙashin Bart Lambrecht da Savvas Savvides, suka buga sakamakon gwajin da ya sauya wannan fahimta. Sun haɗa alluran a ɗakin gwaji suka zuba su a hanyoyin iskar ɓeraye, sai huhun ya kumbura, garkuwar jiki ta tashi irin tashin da take yi a jikin mai asma. Da suka zuba furotin ɗin nan dai amma wanda aka ɗan sauya shi yadda ba zai iya daskarewa ba, huhun bai nuna wannan kumburi ba. Suka kuma samo waɗansu sinadaran garkuwa daga jinin lama, wata dabba ta Kudancin Amurka dangin raƙumi, waɗanda suka narkar da alluran cikin ɗan lokaci, har a cikin majinar da aka ɗebo daga hancin marasa lafiya.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne cewa furotin ɗin bai sauya ba, yanayinsa ne ya sauya. Gishirin da ke narke cikin ruwa ba ya tsire wa kowa ido, amma idan ruwan ya ƙafe ya bar ƙwayoyi masu kaifi, sai ya zama abin da ke iya kartar fata. Wannan daskarewa mai tsari, inda ƙwayoyin abu ke jeruwa ɗaya bisa ɗaya har su fitar da siffa mai kusurwa, ita ake kira kiristal. Mu a wannan ƙasa bai kamata batun ya zame mana baƙo ba, domin kusan babu zuri'ar da ba ta san sikila ba, kuma asalin sikila shi ne furotin ɗin da ke ɗaukar iska a cikin jini yana harhaɗuwa ya zama dogayen sanduna idan iskar ta yi ƙaranci, har ya lanƙwasa ƙwayar jinin ta koma kamar lauje. Wanda ya taɓa kwana a gefen gadon yaro mai sikila ya san irin azabar da sauyin siffar furotin guda ɗaya ke iya jawowa.

Labarin ɓera ya fi wannan ban mamaki. Ɓera ba shi da galektin na 10 ko kaɗan, ba ya cikin halittarsa. Duk da haka, likitocin dabbobi da ke duba gawar ɓerayen gwaji sun daɗe suna ganin kiristal a huhun tsofaffin ɓeraye da na waɗanda garkuwarsu ta rikice, wani lokaci da yawan da zai cika jakunkunan iska har ya kashe dabbar. Sun ɗauke shi a matsayin wata larura ta ɓera da ke ɓata musu gwaji. A shekarar 2000 aka tantance cewa wani furotin ne mai suna Ym1 ya gina waɗannan kiristal, kuma yana da ɗan'uwa mai kama da shi ƙwarai da ake kira Ym2. Na farkon manyan ƙwayoyin garkuwa masu haɗiye datti, wato makrofaj, su ne suka fi fitar da shi, na biyun kuma fatar da ta shimfiɗe cikin hanyoyin iska ce ke fitar da shi idan ta kumbura. A 2024 masu binciken Gent suka maimaita irin gwajinsu na farko da Ym1, sakamakon kuma ya zo daidai: daskararren furotin ya tayar da garkuwar huhu, ya sa jiki ya ɗauki abin da aka shaƙa tare da shi a matsayin abokin gaba, narkakken kuwa bai yi haka ba. Mutum ba shi da Ym1, ɓera ba shi da galektin na 10, furotin biyun ba su haɗa dangi ba, amma halittun biyu sun iso wuri ɗaya ta hanyoyi daban-daban. Idan mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba suka ƙera makami iri ɗaya, hankali zai ba ka cewa abokin gaba ɗaya suke fuskanta.

Dangin da Ym1 ya fito daga ciki su ne ke nuna ko wane ne wannan abokin gaba. Duk wanda ya taɓa cin soyayyar fara da yaji ya san ɓawon nan mai ƙaras-ƙaras da ke maƙalewa a haƙori, to wannan ɓawo da wani sinadari aka gina shi mai suna kaitin. Shi ne sulken kyankyaso da gara da jatan lande, shi ne a bangon funfunar da ke fitowa a jikin abincin da ya kwana biyu, yana cikin ɓawon ƙwan tsutsar ciki, yana kuma jikin 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan da ido ba ya gani masu zama a katifa da matashin kai. Bayan sinadarin da ke gina itace da ganye, babu wani irinsa da ya kai kaitin yawa a duniya. Jikin ɗan Adam ba ya yin kaitin, amma yana da enzayim biyu, wato furotin masu aiki kamar almakashi, masu yanka shi, ɗaya daga makrofaj, ɗaya kuma a ciki da huhu. A 2017 masu bincike a birnin San Francisco na Amurka suka nuna cewa ɓerayen da aka cire wa enzayim ɗin huhu, kaitin ɗin da suke shaƙa daga iska yakan taru a huhunsu, idan sun tsufa huhun ya yi tabo ya ƙandare. Tare da waɗannan enzayim biyu akwai waɗansu 'yan'uwansu da suka yi kama da su a siffa amma sun rasa ƙaramin ɓangaren da ke yin yankan, kamar almakashin da bakinsa ya dakushe, yana iya cafke abu amma ba ya raba shi biyu. Ym1 da Ym2 daga cikinsu suke. A jikin mutum fitaccen cikinsu shi ne YKL-40, wanda wani bincike na Jami'ar Yale ya nuna a 2007 cewa yana ƙaruwa a jinin masu asma, kuma ya fi yawa ga waɗanda ciwon ya tsananta a kansu.

Wannan reshe na garkuwar jiki, mai tara iyosinofil da kwararo majina da matse hanyoyin iska, an gina shi ne domin yaƙi da tsutsa da kuma ɗinke ɓarnar da take yi. Tsutsar da ke shiga ta tafin ƙafar yaron da ke yawo ba takalmi takan bi jini ta isa huhu, ta fasa jakar iska, ta hau maƙogwaro, a haɗiye ta, sannan ta zauna a hanji. A 2014 Tara Sutherland da Judith Allen da abokan aikinsu a Jami'ar Edinburgh ta Birtaniya suka bi sawun wata tsutsar ɓera mai irin wannan tafiya, suka ga Ym1 yana kiran waɗansu fararen ƙwayoyin jini masu faɗa zuwa huhu, suna rage yawan tsutsar amma suna ƙara wa huhun rauni. Binciken da suka yi daga baya ya nuna cewa idan kwanaki suka ja, furotin ɗin nan dai yana taimakawa wajen warkar da raunin. Abu ɗaya ne ke kare jiki, shi ne kuma ke cutar da shi, gwargwadon lokaci da wuri da yawa. Asma kuwa ita ce wannan runduna ta fito da dukkan makamanta a kan ƙurar katifa ko kashin kyankyaso, alhali babu tsutsar da za a kashe.

Da na kai wannan labari gida, yayana, wanda ɗiyarsa ke fama da asma tun tana shekara biyar, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce: "To, ƙanena, ni me ya haɗa ni da huhun ɓera? Kuɗin abin shaƙa ya ninka, wata rana ma ka zaga kemis uku ba ka samu ba. Ku fara kawo mana wannan tukuna." Ban iya ba shi amsa a ranar ba, kuma har yanzu ina ganin maganarsa tana da nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma a duniya, ta kuma kashe kimanin 455,000, akasarinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi irin tamu, inda ba a gano ciwon da wuri kuma ba a samun magani a kai a kai. Waɗannan mace-mace ba jiran wani sabon bincike suke yi ba. Abin shaƙa mai buɗe hanyar iska da mai kwantar da kumburi sun shekara fiye da 50 a duniya, kuma da kowane ƙaramin asibiti a Rigasa da Tudun Wada da Kakuri yana da su a farashin da talaka zai iya, da an ceci rayuka masu yawa ba tare da an taɓa ɓera ko ɗaya ba. Duk gwamnatin da ta ce a zaɓi ɗaya tsakanin maganin yau da binciken gobe, ni zan ce a fara da maganin.

Sai dai ban yarda cewa zaɓin haka yake ba, kuma dalilina yana cikin labarin ɓeran kansa. Darasin farko da ya koyar shi ne cewa ɓera ba mutum ba ne: maganin da zai narkar da Ym1 ba zai yi wa ɗiyar yayana komai ba, tun da ba ta da wannan furotin. Ɓera yana nuna hanya ne kawai, dole a koma kan mutum a tabbatar. To idan an koma kan mutum, wane mutum ake dubawa? Mafi yawan abin da aka sani game da alluran Charcot da Leyden da YKL-40 a jikin masu asma, daga marasa lafiyan Turai da Amurka aka samo shi, mutanen da yawancinsu ba su taɓa ɗaukar tsutsar ciki ba tun haihuwa, ba su san hazon hunturu ba, ba a kuma yi musu girki da itace a tsakar gida ba. Alhali akwai hujjoji cewa garkuwarmu ta taso a wata makaranta dabam. Wani bincike da aka buga a 2000 a kan yaran ƙasar Gabon ya nuna cewa masu ɗauke da tsutsar tsargiya ba su cika nuna alerji, wato tashin garkuwar jiki, ga ƙwarin katifa a gwajin fata ba kamar waɗanda ba su da ita. Wani da aka yi a yankin Jimma na Habasha, aka buga a 2001, ya samu cewa masu tsutsar da ke shiga ta ƙafa ba su cika yin numfashi mai shesheka ba. Hatta a gado akwai bambanci: wani sauyi da ke kashe aikin ɗaya daga cikin enzayim biyun masu yanka kaitin ya yaɗu a tsakanin Turawa da mutanen Asiya, amma da aka duba a Benin da Burkina Faso sai aka ga da ƙyar ake samunsa.

Yanzu kuma muna tsakiyar wani sauyi da Turai ta wuce shi tun kafin a ƙirƙiro kayan auna shi. Ana raba maganin tsutsa a makarantun firamare, wanda abin alheri ne da ya kamata a ci gaba da shi. Mutane suna barin ƙauye suna cunkushewa a ɗakunan haya masu katifar soso da kafet da kyankyasai, ga hayaƙin janareta da na Keke Napep. Yaron da kakansa ya rayu da tsutsa a cikinsa shekara da shekaru, shi yanzu cikinsa a wanke yake, amma rundunar da ya gada tana nan da makamanta. Mene ne ke faruwa a huhun irin wannan yaro daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da ƙura ke rufe gadar Kawo har direba ya kunna fitila da rana? Shin alluran suna ƙaruwa a kakinsa a wannan lokaci? Shin masu yawan allurai su ne waɗanda abin shaƙa ba ya yi musu aiki? Wani bincike na Amurka a 2018 ya nuna cewa fiye da rabin masu asman da aka ɗauki hoton huhunsu suna da toshewar busasshiyar majina a wani sashe na hanyoyin iskarsu, kuma toshewar kan daɗe shekaru a wuri ɗaya. Babu wani mai bincike a Gent ko Yale da zai zo ya auna mana wannan a Kaduna, ba don mugunta ba, sai don kowa ƙofar gidansa yake sharewa. Idan wata rana maganin narkar da alluran ya fito kasuwa, za a sayar mana da shi bisa ma'aunin jikin waɗansu, kamar yadda aka saba.

A nan zan ɗan ratse in ja kunne, domin na san yadda irin wannan labari ke rikiɗa idan ya shiga WhatsApp. Ba a gano maganin warkar da asma ba. Sinadaran da suka narkar da alluran ba su zama maganin da likita zai rubuta wa kowa ba, kuma cin fara ko barin cinta ba shi ne ke kawo ciwon ko ya kore shi ba. Mai asma ya riƙe abin shaƙarsa, ya bi umarnin likitansa.

Wani zai ce ba mu da ƙarfin irin wannan aiki. Ni na san jihar da nake zaune. Jami'ar Ahmadu Bello tana Zariya tun 1962, da asibitin koyarwarta a Shika, da tsangayar likitan dabbobi. Jami'ar Jihar Kaduna tana da asibitin koyarwa na Barau Dikko a tsakiyar gari. Cibiyar binciken cutar sammore da ciwon barci, wadda asalinta ke komawa 1947, hedikwatarta a Kaduna take, kuma ma'aikatanta sun san kiwon dabbobin gwaji da nazarin yadda jiki ke faɗa da ƙwayoyin cuta. Marigayi Farfesa Andrew Jonathan Nok ya yi aikinsa a Zariya a kan wani enzayim na ƙwayar cutar sammore, aikin da mai wucewa zai iya cewa ba shi da amfanin yau, ya kuma samu lambar kimiyya ta ƙasa a 2009, duniya ta san shi da shi kafin rasuwarsa a 2017 yana kwamishinan ilimi na wannan jiha. Mutanen suna nan. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kuɗin da ke zuwa a kan lokaci, da wutar da ba ta ɗaukewa a kan firjin ajiye jini, da kuma shugabannin da za su yarda cewa tambayar da ba ta haifar da kwangila ba ita ma tambaya ce. Ƙasashen Afirka sun daɗe da yi wa kansu alƙawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikin da suke samarwa a kan bincike, Nijeriya kuwa ba ta ko kusanci wannan adadi ba. Asusun TETFund na tallafa wa manyan makarantu yana da kason bincike, kuma ina ganin ya dace a ware wani abu daga ciki domin cututtukan numfashi a Arewa, a ba shi wa'adin shekaru, tun da hunturu ɗaya ba ya isa a gane komai.

Matakin farko ma bai kai tsadar da ake tsoro ba. Fitar da siffar furotin kamar yadda aka yi a Gent yana bukatar na'urori na biliyoyin naira, wannan kam sai da haɗin gwiwa da waɗanda suke da su. Amma ganin alluran Charcot da Leyden ba ya bukatar abin da ya wuce madubin da Leyden ya yi aiki da irinsa a 1872, kuma kowane babban asibiti a jihar nan yana da wanda ya fi nasa. Kakin da ake karɓa domin gwajin tarin fuka yana zuwa kullum, da yawa daga masu kawo shi ba su da tarin fukan, asma ce ko wani kumburin ke damunsu, a ce musu sakamako ya fito babu komai, su koma gida da tarinsu. Da za a nemi izinin waɗannan mutane da na kwamitin ɗa'ar bincike, a ƙara gurbi uku a takardar sakamako, na yawan iyosinofil, da na ko an ga allurai, da na watan da aka karɓi kakin, a ɗauki hoton abin da aka gani da wayar hannu ta bakin madubi, a haɗa da gwajin bayan gida domin a san mai tsutsa da marar ita, to cikin hunturu uku asibitoci huɗu ko biyar na Kaduna da Zariya da Kafanchan za su tara bayanin da zai isa ɗalibin digiri na uku ya zauna a kansa. Na gabatar da wannan shawara ga abokan aikina a ɗakinmu, biyu daga cikinsu sun amince, kuma mun sayi babban littafi mai layi da kuɗin aljihunmu, za mu fara rubutawa daga makon farko na Nuwamba idan kwamitin asibiti ya sa hannu.